Saba ɗaya, baƙi da yawa: binciken matsalar uwar garke bayan girka kwamfutocin kwaikwayo a Suleja

Tun bayan da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta tsayar da shawara a 1976 cewa za a gina sabon babban birnin tarayya a tsakiyar ƙasa, garin da Abu Ja ya kafa a 1828 ya sallama wa birnin sunansa da yanki mai faɗi na ƙasarsa, ya koma amsa sunan Suleja, daga sunan sarkinsa na lokacin, Sulaimanu Barau. Wannan rabo ya bar alamarsa har a harkar kwamfuta, domin manyan rumbunan adana bayanai, irin na kamfanin gwamnati Galaxy Backbone da aka kafa a 2006, suna can hayin iyaka, inda ake da na'urorin sanyaya ɗaki da ma'aikata masu kwana a bakin aiki, alhali abin da ake samu a Suleja da Madalla shi ne ƙananan sabobi a makarantu masu zaman kansu, da asibitoci, da cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta, da ofisoshin ƙungiyoyin adashi da bashi. Saba, wadda wasu ke kira uwar garke, kwamfuta ce da aka keɓe domin ta yi wa sauran kwamfutoci hidima: ita ke riƙe da sakamakon ɗalibai, ko bayanan marasa lafiya, ko lissafin kuɗi, sauran kuma su riƙa ɗiba daga gare ta ta waya ko ta iska.

Da yake saba tana da tsada, kuma mafi yawan lokaci ba ta amfani da ko rabin ƙarfinta, masu kula da ita sukan girka mata wata manhaja da ake kira haifabaiza, wadda aikinta shi ne ta raba ƙarfe ɗaya zuwa kwamfutoci da dama na kwaikwayo, kowace da babbar manhajarta, kowace kuma tana ganin kamar ita kaɗai ce a cikin akwatin. Ita sabar ta ƙarfe ana kiranta mai masauki, waɗanda aka ƙirƙira a cikinta kuma baƙi. Lamarin ya yi kama da gidan da mai shi ya yanka ɗaki-ɗaki ya ba 'yan haya, irin gidajen da ma'aikatan Abuja suka cika a Suleja: ginin bai ƙaru ba, mitar wuta ɗaya ce, ƙofar zaure ɗaya ce, amma yanzu dole a sami mai rabon komai. Sau da yawa a ranar da aka yi wannan girki, ko kwana kaɗan bayanta, saba kan ɓace daga sadarwa, ko ta yi nauyi, ko baƙin su ƙi tashi, sai a yanke hukunci nan take cewa manhajar ce ta lalata saba, maganin kuma shi ne a yi mata fomatin, wato a share komai a sake girkawa. Wannan hukunci kuskure ne a mafi yawan lokuta, domin abin da haifabaiza ta yi shi ne ta karɓe ikon abubuwa huɗu daga hannun tsohuwar manhaja, wato furosesa, ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, da katin sadarwa da ma'adana da agogo, kuma kusan kowace matsala da ta biyo bayan girkin tana komawa ga ɗaya daga cikinsu, ko ga wani tsohon rauni na ƙarfen da sabon nauyi ya tona.

Fasahar ta girmi yawancin masu amfani da ita. Kamfanin IBM ya fara raba manyan kwamfutocinsa ta wannan hanya a shekarun 1960, ya kuma fitar da VM/370 a 1972, sannan a 1974 masana biyu, Gerald Popek da Robert Goldberg, suka rubuta sharuɗɗan da furosesa zai cika kafin a iya raba shi ba tare da baƙo ya gane ba. Furosesoshin ƙananan kwamfutoci ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba, shi ya sa VMware, da aka kafa a 1998 a Amurka, ya yi suna da dabarar kewaye wannan giɓi, har sai da Intel ya ƙara wa furosesoshinsa abin da ya kira VT-x a 2005, AMD kuma ya biyo da AMD-V a 2006. Daga nan ƙofa ta buɗe: KVM ta shiga cikin Linux a 2007, a shekarar ce kuma aka saki VirtualBox kyauta, Microsoft ya kawo Hyper-V a 2008, wani kamfani a Biyana ta ƙasar Ostiriya kuma ya fitar da Proxmox a shekarar. Akwai haifabaiza da ke zama kai tsaye a kan ƙarfe, kamar ESXi, akwai kuma wadda ke zama a matsayin manhaja cikin Windows ko Linux, kamar VirtualBox, kuma sanin wacce aka girka shi ne tambayar farko ga duk mai bincike. Tun da kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware a Nuwamban 2023 ya daina sayar da lasisin dindindin ya koma na biyan kuɗi lokaci-lokaci, a daidai lokacin da darajar naira ta faɗi bayan sakinta a Yunin 2023, ƙananan ma'aikatu sun sami dalili mai ƙarfi na komawa ga manhajojin kyauta, kuma kowace ƙaura irin wannan sabon girki ce da ke zuwa da nata rigingimu.

Furosesa da masu jayayya a kansa

Matsala mafi sauƙin warwarewa ita ce wadda baƙi ke ƙin tashi tun daga farko, manhaja ta nuna saƙon cewa ba ta sami VT-x ko AMD-V ba. Yawanci damar tana nan a cikin furosesan, sai dai an kashe ta a BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke zaune a allon uwa, wadda ke tayar da kwamfuta kafin Windows ko Linux su karɓi ragama. Kunna ta aikin minti biyu ne, amma a nan ne yanayin kasuwa ke shigowa, domin sabobin da ƙananan ma'aikatu ke iya saya yawanci na hannu ne, waɗanda 'yan kasuwa ke kira tokumbo, irin su Dell PowerEdge da HP ProLiant da suka gama aiki a Turai ko Amurka, ake samun su a Banex da ke Wuse ko a yi odarsu daga Kwamfuta Bilej ta Ikeja. A allon kowace saba akwai ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe da agogo, a na'urori da yawa har da saitin BIOS, idan an yanke wuta. A ɗakin da wuta ba ta yankewa mutuwar wannan batir kan daɗe ba a lura da ita ba, amma inda ake ɗauke wuta kullum, saba kan tashi da kwanan watan shekarun baya, wani lokaci kuma da saitin masana'anta, sai a ga baƙin da suka yi aiki jiya sun ƙi motsi yau ba tare da wani ya taɓa komai ba.

Wadda ta fi wannan rikitarwa ita ce jayayyar haifabaiza biyu a kan furosesa ɗaya. Idan aka kunna Hyper-V, ita kanta Windows ɗin takan koma zaune a kan haifabaizar, don haka VirtualBox ko VMware Workstation da aka girka daga baya ba za su sami VT-x kai tsaye ba. Tsofaffin fitowarsu ƙin aiki suke yi, sababbi kuma su bi ta hannun Microsoft, aikin ya yi sanyi, har VirtualBox kan nuna hoton ɗan koren kunkuru a ƙasan taga domin sanar da haka. Abin da ke ɓatar da mutane shi ne ba lallai ne wani ya kunna Hyper-V da gangan ba, domin wasu matakan tsaro na Windows 11, da Docker Desktop, da tsarin tafiyar da Linux a cikin Windows, duk suna tayar da ita a ɓoye. A ɓangaren Linux ma akwai makamanciyar rigimar, inda daga fitowa ta 6.12 ta kanel, wato zuciyar babbar manhaja, KVM ke kame damar tun da aka loda ta, VirtualBox ta zo ta tarar an riga ta. Akwai kuma Secure Boot, tsarin da ke hana loda duk wani direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa babbar manhaja da ƙarfe, da ba shi da sa hannun da allon uwa ya amince da shi, wanda kan toshe direbobin VirtualBox da VMware a Linux har sai an sa musu hannu an yi rajistar makullin. Kuma da yake waɗannan direbobi ana gina su ne daidai da kanel ɗin da ke aiki, sabunta Linux ba tare da sake gina su ba kan sa baƙi su mutu a tashi na gaba. Kashe Secure Boot yana kawar da alamar cikin sauri, shi ya sa masu gyara ke son sa, amma ga sabar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya rage tsaro ne da ya kamata mai ma'aikata ya san an yi.

Katin sadarwa, inda aka fi shan wuya

Mafi yawan kiran gaggawa da ke biyo bayan girki kalma biyu ce: babu netwok. Kafin girki, katin sadarwa na saba yana da adireshi ɗaya, lambar IP, wadda duk kwamfutocin ofis suka sani. Domin baƙi su sami hanyar fita, haifabaiza kan ƙirƙiri gada, wato akwatin rarraba sadarwa na kwaikwayo, ta ɗaura katin ƙarfen a jikinta, kuma daga wannan lokaci adireshin saba dole ya tashi daga katin ya koma kan gadar, wadda Proxmox ke kira vmbr0, Windows kuma vEthernet. Idan aka bar adireshin a kan katin, ko aka rubuta sunan katin ba daidai ba, ko a Hyper-V aka cire alamar da ke ba mai masauki izinin raba katin da baƙinsa, saba na nan a kunne tana aiki lafiya amma babu mai ganinta. Wanda ya yi wannan canji daga nesa, a ce yana zaune a Wuse yana sarrafa sabar da ke Suleja ta intanet, ya yanke igiyar da yake riƙe da ita, ba shi da mafita sai ya hau mota ya bi ta Zuba ya zo ya sa allo da madannai a jikin na'urar. Manyan sabobi suna zuwa da wata ƙofar sarrafawa ta daban, iDRAC a Dell, iLO a HP, wadda ke aiki ko da babbar manhaja ta mutu, amma a na'urorin hannu akan bar ta ba waya, ko a same ta da kalmar sirrin tsohon mai ita, kuma saita ta kafin a taɓa gada yana cikin ayyukan da suka fi biyan wahalarsu.

Ko gada ta zauna daidai, akwai karon adireshi. Kowace haifabaiza tana zuwa da rukunin adireshinta na cikin gida: libvirt, mai kula da KVM, tana ɗaukar 192.168.122.0, VirtualBox kuma 192.168.56.0 da 10.0.2.0, alhali rautocin kamfanonin waya da na Starlink, wadda ta fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, suna rabawa daga rukunoni kamar 192.168.0.0 ko 192.168.1.0 ko 192.168.8.0. Muddin rukunin ciki ya zo ɗaya da na waje, saba kan rasa ta inda za ta aika saƙo, wasu kwamfutoci su same ta wasu su rasa. Wannan haɗari ya fi yawa inda ake sauya hanyar intanet bisa ga wadda ke da ƙarfi a ranar, yau rautar wannan kamfani gobe ta wancan, domin kowace sauyi tana iya canza rukunin adireshin ofis gaba ɗaya, sabar da aka kafe wa adireshi kuma ta tsaya a tsohon. Ofisoshi da yawa sun ɗanɗana irin wannan sauye-sauyen dole a ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma.

Akwai kuma matsalar da ke fita daga saba ta kama ginin duka, wadda ita ce ta fi cin lokaci domin ba a zargin sabar da ita. A kowace sadarwa ana son mai rabon adireshi ɗaya tak, abin da ake kira DHCP, yawanci rauta ce ke yin sa. Idan aka tayar da baƙo mai Windows Server ko pfSense domin gwaji, aka ɗaura shi a gada, yana iya fara rabon adireshi shi ma, sai kwamfutocin ofis su riƙa karɓa daga duk wanda ya riga amsawa, rabi su sami intanet rabi su rasa, gobe kuma rabon ya sauya. Irin wannan rashin tabbas ne ke sa a ɗora laifi a kan kamfanin waya, ko a sayi sabuwar waya a sake ja, alhali duba adireshin wanda ya yi rabon a kwamfutar da ta rasa hanya zai nuna mai laifin. Kusa da wannan akwai kwafin baƙo: idan aka kwafi kwamfutar kwaikwayo ba a sabunta lambar MAC ba, wato lambar shaidar katin sadarwa, baƙi biyu za su riƙa amsa suna ɗaya, sadarwarsu ta riƙa yankewa tana dawowa. Gada a kan Wi-Fi kuma ba abar dogaro ba ce, domin tsarin sadarwar iska bai yarda kati ɗaya ya yi magana da lambobin shaida da yawa cikin sauƙi ba. Saba dai waya take so.

Wasu matsalolin sanannu ne har sun zama abin da mai gyara ke dubawa da ka. Tsofaffin fitowar VMware Workstation kan kame ƙofa ta 443, wadda shafukan intanet masu tsaro ke bi, sai Apache da ke ɗauke da shafin sakamakon makaranta ya ƙi tashi bayan girki. Docker kan sauya dokokin katangar tsaro ta Linux ta yadda saƙon da ke ratsa gada zai iya faɗuwa. Katunan Broadcom masu gudun gigabit ɗaya, waɗanda ke cikin sabobin Dell da HP da yawa na shekarun baya, suna da tsohuwar rashin jituwa da wani tsarin Hyper-V mai suna VMQ, wadda ke sa sadarwar baƙi ta yi jinkiri ko ta yanke, maganinta kuma sabunta direba ko kashe tsarin. ESXi daga fitowa ta 7 ta daina karɓar tsofaffin direbobi, don haka na'urar da ke da katin Realtek kan tsaya tun a wajen girki da saƙon cewa ba a ga katin sadarwa ba.

Ma'adana da faifai

Idan saba ta tashi, sadarwa ta yi kyau, amma komai ya yi nauyi, sai a koma ga lissafi. Ram ita ce ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta, kuma haifabaiza tana yarda a yi wa baƙi alkawarin fiye da abin da ke akwai, bisa zaton ba za su nema a lokaci ɗaya ba. A misali, saba mai gigabait 32 da aka ba baƙi huɗu gigabait 8 kowanne ba ta bar wa mai masauki komai ba, kuma idan faifan yana kan tsarin ZFS, wanda bisa al'ada kan ɗauki har rabin ram domin saurin karatu sai an taƙaita shi, giɓin ya fi haka. Da ram ta ƙare, sai na'ura ta fara juye abin da ke cikinta zuwa faifai, wanda ya fi ta jinkiri nesa ba kusa ba, idan abin ya tsananta kuma Linux ta kashe manhajar da ta fi cin wuri, wadda a irin wannan saba kusan kullum baƙo ne sukutum. Mai ofis zai ce kwamfutar lissafi ta mutu da kanta, amma kundin kanel yana ɗauke da layin da ya faɗi wanda aka kashe da dalili. Haka nan ba baƙo furosesoshin kwaikwayo da yawa ba ya ƙara masa sauri idan jimillarsu ta zarce na ƙarfe ƙwarai, sai ma ya ƙara jiran layi.

Faifai yana da tarkonsa biyu. Na farko shi ne faifan kwaikwayo mai girma a hankali, wanda ake ce masa gigabait 500 amma a farko bai ci ko 20 ba, don haka ana iya yin alkawarin da ya ninka faifan ƙarfe, ranar da ya cika kuma baƙi su daskare gaba ɗaya. Na biyu shi ne sinafshot, wato hoton halin da baƙo yake ciki a wani lokaci, wanda ake ɗauka kafin a yi canji domin a iya komawa baya. Daga lokacin da aka ɗauke shi, duk sabon rubutu yana tafiya ne cikin wani fayil na daban da ke ta kumbura, kuma idan aka manta da shi wata da watanni yakan cinye wuri ya rage sauri. Wanda kuma ya ga manyan fayiloli ya share su da hannu domin samun wuri ya tsinke sarƙar, bayanan watannin suka tafi. Mutane da yawa suna ɗaukar sinafshot a matsayin kwafin ajiya, wannan kuwa ruɗi ne, domin yana zaune a faifai ɗaya da abin da ake son karewa. A tsofaffin sabobi akwai ƙarin abu: katin RAID, mai haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya, yana da batirinsa, kuma idan batirin ya mutu katin kan daina riƙe rubutu a ma'adanarsa ya koma jiran faifai a kowane rubutu. Manhaja ɗaya tana iya jure wannan ba a lura ba, amma baƙi biyar masu rubutu a warwatse sukan durƙusar da na'urar, sai a zargi haifabaiza da laifin batirin da ya mutu tun kafin a sauke sabar daga jirgi.

Wuta, zafi da agogo

Jihar Neja tana alfahari da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, ana ma yi mata laƙabi da jihar wutar lantarki, amma mai saba a Suleja, wanda ke karɓar wuta daga kamfanin rarrabawa na AEDC, ya san tsarinsa dole ya ginu a kan yankewa. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kowane kilowat na awa bisa alkawarin awa 20 a rana, lissafin haɗa sabobi huɗu cikin ɗaya ya ƙara kyau a takarda, domin wuta da man janareta da batiran inbata duk za su ragu. Abin da lissafin ke ɓoyewa shi ne yankewa ɗaya yanzu tana kayar da hidimomi huɗu a tare, kuma kowane baƙo yana da rubutun da bai kai faifai ba a lokacin. Rumbun bayanai da ya lalace washegarin girki sau da yawa ba girkin ne ya lalata shi ba, 'yan daƙiƙun da ke tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta ne, a kan UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, mai gajiyayyen batir. Gyaran na gaskiya shi ne a haɗa UPS da saba ta waya, a girka manhaja irin NUT ko apcupsd, domin idan batir ya kusa ƙarewa baƙi su rufe bi da bi kafin mai masauki, a kuma tsara tashinsu ta yadda mai rumbun bayanai zai riga masu dogaro da shi.

Zafin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu suna nasu aikin. Sabar da a da take hutawa yanzu tana ɗauke da nauyin huɗu, idan kuma ƙura ta toshe mata iska furosesan kan rage gudunsa da kansa domin kada ya ƙone, abin da ke bayyana a matsayin nauyin da ke zuwa da rana ya tafi da dare. Agogo kuwa ƙaramin abu ne mai babbar ɓarna, domin baƙi yawanci daga mai masauki suke karɓar lokaci, tsarin shiga na Windows mai suna Kerberos kuma ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti 5, takardun shaidar shafukan intanet ma ana ƙin su idan kwanan wata ya kauce. Akwai wani zagaye da kan faru inda mai masauki ke neman lokaci daga baƙon da ke kula da shigar ma'aikata, baƙon kuma yana karɓa daga mai masaukin, su biyun su yi ta kaucewa tare ba mai gyara wani.

Tsarin bincike

Duk waɗannan suna nuna abu ɗaya game da yadda ya kamata a bi: daga ƙasa zuwa sama, wato ƙarfe da wuta, sannan BIOS, sannan mai masauki, sannan gada, baƙo kuma a ƙarshe, ana canza abu ɗaya a lokaci ɗaya ana rubuta shi. Na'ura tana rubuta abin da ya same ta, a Windows cikin Event Viewer, a Linux ta umarnin dmesg da journalctl, kowace haifabaiza kuma tana da kundin kowane baƙo, kuma daidaita lokacin da matsala ta fara da layin da aka rubuta a wannan minti yakan rage zato goma zuwa ɗaya. A sadarwa, umarnin ping daga baƙo zuwa mai masauki, sannan zuwa rauta, sannan zuwa wani adireshi na waje, sannan zuwa suna, yana nuna daidai matakin da hanya ta yanke. Na'urorin da ake soka wa saba, kamar mai ɗaukar zanen yatsa ko makullin lasisi na USB, ba sa bayyana a cikin baƙo sai an miƙa masa su da gangan, manhajar da aka ɗaure lasisinta da ƙarfe kuma takan ɗauka an sace ta idan aka mayar da ita baƙo.

Manyan hukumomi ma ba su tsira daga canjin da ba a bi sawunsa ba. Hukumar JAMB, wadda hedikwatarta ke Bwari, maƙwabciyar Suleja, kuma wadda ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, ta bayyana a Mayun 2025 ta bakin shugabanta, Farfesa Ishaq Oloyede, cewa wani gyaran manhaja bai kai ga wasu sabobi yadda ya kamata ba, abin da ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, har aka sake musu jarrabawa. Ba haifabaiza ce ta jawo wannan ba, amma an iya gano shi ne domin akwai bayanan da za a koma a duba a kwatanta, abin da fomatin ke shafewa tare da matsalar. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane, har da ƙaramin asibiti ko makaranta, alhakin kare su daga ɓata da lalacewa, don haka share faifai ba shawarar mai gyara shi kaɗai ba ce.

Akwai dai lokacin da sake girki ya zama dole, misali idan faifan da mai masauki ke tashi daga kansa ya lalace, ko aka sami shaidar an yi kutse. Ko a nan, baƙi yawanci fayiloli ne, masu ƙarshen suna vmdk ko vdi ko vhdx ko qcow2 gwargwadon manhajar, kuma ana iya tayar da sabar da Linux ta kan filashi a kwashe su, tare da fayilolin saitinsu da duk sarƙar sinafshot ɗinsu, zuwa faifan waje kafin a taɓa komai. Bayan an kwashe sai a tayar da aƙalla ɗaya daga cikinsu a wata kwamfuta ta daban wadda aka cire wa wayar sadarwa, a buɗe rumbun bayanan a ga rubutun ranar ƙarshe yana nan, sannan a ba da izinin share faifan.